Dajin da Alƙalami Bai Ƙirga Ba

Bisa ƙididdigar hukumar abinci da aikin gona ta duniya, wato FAO, tsakanin 1990 da 2020 dazuzzukan Nijeriya sun sauko daga hekta miliyan 26 da ɗoriya zuwa ƙasa da miliyan 22, na Nijar kuwa daga kusan miliyan 2 zuwa miliyan 1 da 'yan kai. Amma hisabin nan yana da naƙasu, domin a sharaɗin hukumar itacen da ke tsaye cikin gona ba daji ba ne. Saboda haka gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi ta renon tohonsu tun bayan farin 1984, har suka bazu a kusan hekta miliyan 5, gero na yabanya a gindinsu, ba su shiga lissafi ba.