Daga ina sunan Binta ya samo asali?

A garuruwan da ke kewaye da birnin Kano, irin su Bacirawa ta ƙaramar hukumar Ungogo, da wuya a wuce gida uku ba a ji an kira Binta ba.

Sai dai galibin masu amsa wannan suna ba shi ne liman ya raɗa musu ranar suna ba. Fatima aka sa musu.

Tushen kalmar

Kalmar ta fito ne daga Larabci, inda "bint" ke nufin 'ya mace. Larabawa kan sanya ta tsakanin sunan mace da na mahaifinta domin bayyana nasaba.

Shi ya sa ake cewa Fatima bintu Muhammad, wato Nana Fatima 'yar Manzon Allah (SAW), wadda ta rasu a Madina a shekara ta 11 bayan Hijira, daidai da 632 Miladiyya.

Da yake kunne ya saba jin kalmomin biyu a jere, sai ta biyun ta zama laƙabin duk wata Fatima. Haka ma Kubra ya zama laƙabin Khadija.

Alkunya

Abin da ya ƙara wa laƙabin ƙarfi shi ne al'adar alkunya. Idan aka yi wa mahaifiyar miji ko wata dattijuwar gida takwara, matan gidan ba sa kama sunan kai tsaye. Sai su sakaya shi, kamar yadda ake kiran A'isha Indo, Hauwa'u kuma Kulu.

Ba Hausawa kaɗai ke da sunan ba. Ana samun Binta ko Bintu a Senegal da Gambiya da Mali, a Gini kuwa Fulani kan haɗa su, su ce Fatumata Binta.

Matsalar takardu

A yau laƙabin kan jawo wa wasu mata wahala. Tun bayan da aka ɓullo da lambar BVN ta bankuna a 2014, ana buƙatar sunan mutum ya zo ɗaya a takardunsa.

Matar da takardar makarantarta ke ɗauke da Fatima, katin ɗan ƙasa kuma Binta, kan sha zirga-zirga, har da rantsuwa a kotu, kafin a gyara.

Don haka ya kamata iyaye su tsayar da suna ɗaya tun daga takardar haihuwa, a bar wa gida ɗayan.