Me Ya Sa Shafin Rajista Ke Buɗe Wa Wasu, Ya Ƙi Wasu?

Tun da aikin ofis ya koma kan kwamfuta, wata irin gardama ta yawaita tsakanin malaman makarantu da akawunan ofisoshin ilmi. Malami ya zo ya ce shafin rajistar ɗalibai ya ƙi shi. Akawu ya buɗe shafin nan a gabansa, ya ga yana aiki lafiya lau, ya ce wa malami shi ne bai iya ba. Malami ya koma gida ya sāke jarrabawa, abu ya sāke ƙi. Sau da yawa kuwa dukansu biyu gaskiya suka faɗa, don shafin ɗaya ne, amma abin da kowannensu ya buɗe shi da shi dabam ne. Gardamar nan ba ta wasa ba ce, gama idan wa'adi ya cika ba a warware ta ba, yaro ne zai rasa jarrabawa, ko malami ya rasa albashin wata. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu inda cutar take fitowa, da yadda masu sanin aikin suke bin sawunta har su kama ta.

Da fari dai, a sani shafin intanet ba kamar takardar da aka buga a maɗaba'a yake ba, wadda duk inda ta je kamanninta ɗaya. Shafi umurni ne rubutacce da ake aiko wa wayarka ko kwamfutarka, sa'an nan burauza, watau manhajar da kake buɗe shafin da ita, ta karanta umurnin ta aikata. Kamfanin Apple ya fito da burauzarsa Safari a 2003, Mozilla ta fito da Firefox a 2004, Google kuma ya fito da Chrome a 2008. Ko da yake sunayen burauza suna da yawa, manyan injunan da ke cikinsu uku ne. Akwai Blink, wanda ke cikin Chrome, da Opera tun 2013, da Edge ta Microsoft tun 2020. Akwai WebKit na Safari, sai kuma Gecko na Firefox.

Harshen da ake ba burauza umurni da shi sunansa JavaScript. Wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich ne ya ƙago shi a 1995, yana aiki a kamfanin Netscape. A 1997 ƙungiyar Ecma, mai mazauni a Janeba ta ƙasar Suwizalan, ta tsara masa ƙa'ida domin kowace burauza ta bi. To, amma ƙa'ida ba ta taɓa ƙure komai. Inda ta yi shiru, kowane inji yakan yi abin da masu ƙera shi suka ga dama. Ku da kuke aikin ofis kun san irin wannan. Takarda ta zo an cike ta ba bisa tsari ba, wani akawu ya gane abin da ake nufi ya karɓa, wani kuwa ya mayar da ita ya ce a sāke. Na biyun bai yi laifi ba. Mai cike takardar ne ya saba da sassaucin na farko, har ya zaci shi ne doka.

Bari mu kawo misali da wani aibu wanda masu gina shafuka suka daɗe da sani, watau na kwanan wata. A ce ofishin ilmi ya sa an gina shafin rajista, aka kuma yanka wa'adi, ran 5 ga Maris, ƙarfe goma sha biyu saura minti ɗaya na dare. Rumbun ajiyar bayanai irin MySQL yakan rubuta wannan lokaci haka: 2024-03-05 23:59:00, da ɗan fili tsakanin kwanan wata da sa'a. Amma ƙa'idar JavaScript da aka fitar a 2009 ta ɗauko tsarinta daga ma'aunin duniya mai suna ISO 8601, wanda aka fara bugawa a 1988, inda ake sa harafin T a wurin nan maimakon fili. Duk rubutun da ya saɓa wa wannan tsari, ƙa'idar ta bar wa burauza zaɓi, ta karɓa ko ta ƙi. Chrome takan karɓa. Safari kuwa ta yi shekara da shekaru tana ƙi, ta ce wannan ba kwanan wata ba ne, tsofaffin wayoyin da ba a sabunta ba kuwa suna nan a hannun mutane.

Ga yadda ɓarnar take aukuwa. Shafin yana tambayar burauza, shin yanzu bai kai wa'adi ba? A harshen JavaScript, duk abin da aka gwada da kwanan watan da bai karantu ba, amsar da ke fitowa ita ce a'a. Shafin bai san dalilin a'ar nan ba, sai ya rubuta wa malami cewa an rufe rajista, alhali da sauran mako biyu. Wanda ya gina shafin bai taɓa ganin haka ba, don da Chrome ya yi aikinsa, da ita kuma ya gwada.

To, yaya ake kama irin wannan ɓoyayyen aibu? Matakin farko shi ne mai gyara ya sa aibun ya auku a gaban idonsa. Muddin bai gan shi ba, duk abin da ya taɓa lalube ne cikin duhu. Sai ya nemi irin wayar da mai ƙara ya yi amfani da ita, da irin burauzar, da lambar sigarta, ya bi hanyar da mutumin ya bi daki daki.

Na biyu, ya riƙa sāke abu ɗaya ɗaya, ya bar sauran yadda suke. Ya canja burauza ya bar waya, sa'an nan ya canja waya ya bar burauza. A nan akwai wani tarko. Mai ƙara yakan ce ai ya gwada da Chrome a iPhone ɗinsa, abin bai yi ba, saboda haka laifin ba na burauza ba ne. Gaskiyar magana ita ce dokar Apple ta wajabta wa kowace burauza a iPhone ta yi aiki da injin WebKit. A 2024 aka sassauta dokar a ƙasashen Tarayyar Turai, amma a nan ƙasarmu Chrome ta iPhone riga ce kawai ta sāke, injin Safari ne a ciki. Wanda bai san haka ba sai ya yi kwanaki yana neman aibu inda babu shi.

Na uku, ya tambayi burauzar da kanta. Manyan burauzoji suna da wani ɓoyayyen allo na masu gyara, inda suke rubuta abin da ya gagare su da layin umurnin da suka tsaya a kai. A Chrome ta kwamfuta maɓallin F12 ke buɗe shi. Na iPhone kuwa akan haɗa wayar da kwamfutar Mac a duba ta can. Idan aka sa allon ya nuna wa'adin, sai a ga kalmomi biyu na Turanci, Invalid Date, ma'anarsu kwanan wata mara inganci.

Na huɗu, ya rage umurnin, ya yi ta cire abin da bai shafi matsalar ba, har ya saura layi ɗaya ko biyu da ke kawo ta. Sa'an nan ya buɗe ƙa'ida ya duba wa ya saɓa, shi ko burauza. Wani lokaci lalle aibun na burauzar ne, sai a kai ƙara ga masu ita, don dukansu suna da wurin karɓar ƙara. Amma a misalinmu mai gini ne ya saɓa. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne, a rubuta 2024-03-05T23:59:00+01:00. Ƙarin da ke ƙarshe yana nuna agogon Nijeriya da Nijar, wanda ya riga agogon Girinwic da sa'a ɗaya, don wa'adin ya zama ɗaya ga kowa ko daga ina ya buɗe. Daga nan sai a gwada a injunan nan uku kafin a ce an gama.

Akwai wata gajeriyar hanya da malalata ke bi, muna kuwa gargaɗin ofisoshi su guje ta. Ita ce a manna sanarwa a ce wannan shafi sai da burauza kaza. An yi irin wannan a duniya, an kuma ga ƙarshensa. Bayan da Microsoft ta fito da Internet Explorer 6 a 2001, ma'aikatu da yawa sun gina ayyukansu a kanta ita kaɗai. Ƙasar Koriya ta Kudu ta ɗora harkar banki da ciniki ta intanet a kan wata dabara mai suna ActiveX, wadda ba ta aiki sai a Internet Explorer, ta kuwa yi shekaru tana fama kafin ta kuɓuta. Ran 15 ga Yuni, 2022, Microsoft ta daina kula da wannan burauza a yawancin kwamfutocin Windows 10. Duk wanda ya jingina da ita kaɗai, dole ya sāke gini da sabon kuɗi. Banda wannan ma, shafin gwamnati na dukan jama'a ne, bai kamata a ce sai mai irin waya kaza zai sa ɗansa a makaranta ba.

Kada kuma a zaci masu waya mai tsada kaɗai abin ya shafa. Burauzar nan Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Norwe ya baza a duniya a 2006, ta sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya saboda ba ta cin data da yawa. Idan aka sa ta a kan tsananin tattali, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin a can, su matse shi, su aiko maka, umurnin JavaScript kuwa 'yan daƙiƙu kaɗai ake ba shi ya yi aiki. Shafin da ya dogara ƙwarai ga irin wannan umurni yana iya zuwa da maɓallin da ba ya motsi. Malamin ƙauye mai lissafin kuɗin data shi ne zai fi cutuwa, shi ne kuma muryarsa ba ta cika isa hedkwata ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka rabin gyaran yana hannunku, malamai da akawuna. Kalmar nan "ya ƙi" ba ta amfanin mai gyara da komai. Idan shafi ya gagare ka, rubuta sunan wayar ko kwamfutar, da sunan burauzar da lambar sigarta, da rana da sa'a, da abin da ka danna bi da bi, da ainihin kalmomin da suka fito, ka kuma ɗauki hoton fuskar wayar. Kai kuma akawu, kada ka sallami mai ƙara don abin ya yi a kan teburinka. Ka buɗe rajistar ƙararraki, ka riƙa shigar da su. Idan ka ga mutum biyar masu waya iri ɗaya sun kawo kuka iri ɗaya, ka riga ka nuna wa mai gyara ƙofar da zai shiga.

Shawararmu ga manyan ofisoshi ita ce, duk sa'ad da za a ba da kwangilar gina shafi, a rubuta cikin sharuɗɗa cewa sai an gwada shi a Chrome da Safari da Firefox da Opera Mini, da tsohuwar waya da sabuwa, a gaban wakilin ofis, kafin a biya ragowar kuɗi. Idan kuma aka tabbatar shafi ya ƙi wasu mutane ba da laifinsu ba, adalci shi ne a ƙara musu wa'adi daidai da kwanakin da suka rasa. Kwalejojin horon malamai su ma ya kamata su koya wa ɗalibansu rubuta irin wannan rahoto, kamar yadda ake koya musu cike rajistar aji. Allah ya sa shugabanni su duba, amin.