Damuwa mai daɗewa: abin da numfashi zai iya yi, da abin da ba zai iya ba

Ƴan uwa masu saurare, na gida da na ci-rani, da yawa daga cikinmu mun san wanga hali: rumbu ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba, ga bashi, ga yaro a Libiya ko Aljeriya wata biyu ba labari. Mutum ya kwanta, barci ya ƙi zuwa.

Idan hankali ya tashi, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, wuya da kafaɗu su sage. Wannan shiri ne na gudu daga haɗari, kuma yana da amfani na ɗan lokaci. Amma in ya ɗore watanni, sai ya koma ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, yana kuma iya taimaka wa hawan jini.

A ƙasar Indiya akwai tsohuwar hanyar horon jiki da ake kira yoga, wadda ta haɗa miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni. Asalinta na da alaƙa da addinan can, amma abin da muke magana a kai numfashi ne kawai, babu bauta a ciki.

Dalilin amfaninsa shi ne, duk lokacin da muka fitar da iska a hankali, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki takan rage bugun zuciya. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In muka sauko da shi wajen sau 6, jiki ya fara lafawa.

To, yaya ake yi? A zauna bisa tabarma, baya a miƙe, hannu ɗaya bisa ciki. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, ciki ya taso. A sake ta sannu ana ƙirga shida. A maimaita na minti biyar, da safe da kuma kafin kwanciya. Wanda ya ji jiri, ya tsaya ya huta. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko asma kada su riƙe numfashi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, numfashi ba ya biyan bashi, ba ya maye gurbin magani. Mai shan ƙwayar hawan jini ya ci gaba da sha. In rashin barci ya wuce sati biyu, ko akwai ciwon ƙirji, ko mutum ya fara tunanin halaka kansa, a kai shi likita, CSI mafi kusa, ba tare da jira ba.

Ku kuma da ke waje, ko ba ku da abin aikowa, ku bugo waya gida. Jin muryarku kaɗai na sauke wa tsofaffi nauyi. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.