Tun Daga Firamare Ake Barin Ɗan Talaka A Baya

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya fito, sai ka ga makarantun kuɗi sun cika kafafen sada zumunta da hotunan ɗalibansu da suka yi zarra, su kuwa mafi yawan makarantun gwamnati sun yi tsit. Daga nan sai a fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Wasu su ce yaran yanzu ba sa son karatu, wasu su ce iyaye ne suka yi sake. A ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Jarrabawa ba ita ke haifar da wannan tazara ba, tona ta kawai take yi.

Mu ɗauki yara biyu 'yan shekara shida. Na farko ya yi shekara uku a nazare, a gidansu akwai littattafai da wutar sola, ga malamin da ke zuwa da yamma. Na biyu ranar da aka kai shi aji ɗaya ita ce ranar da ya fara riƙe fensir. Ya fito bai karya ba, ya tarar da aji maƙil da yara a zaune a ƙasa, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Idan an tashi, talla ko gona na jiran sa. Allah bai rage shi da basira ba. Dama ce bai samu ba.

Abin da ya fi muni shi ne, wannan tazara haihuwa take yi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta jimla ba, kowane darasi ya zama masa dutse, domin da karatu ake koyon lissafi da kimiyya da tarihi. Haka za a yi ta tura shi gaba har ya kai ajin ƙarshe na sakandare, inda ake neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Tun daga 2015 kuma da kwamfuta ake rubuta JAMB. Ɗan mai hali da ita ya tashi, ɗan ƙauye kuwa wataƙila a zauren jarrabawa zai fara taɓa ta. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba haka muka gada ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921 ta kuma zama Barewa daga baya, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, jinin sarauta, ta kuma yaye Abubakar Tafawa Balewa, wanda bai fito daga gidan mulki ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta kafa a 1977 sun mayar da 'ya'yan manoma likitoci da injiniyoyi. Da yawa daga cikin masu faɗa a ji a yau makarantar gwamnati ce ta yi musu riga da wando, amma da suka haye sai suka janye tsanin, suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Makarantar da babu ɗan kwamishina a cikinta, wa zai damu idan rufinta ya yaye?

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin haka, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Sau da yawa kuɗin na nan jibge a hukumar UBEC saboda jihohi sun ƙi cika sharaɗin.

Saboda haka gyara daga tushe zai fara. Biya wa ɗalibai kuɗin NECO alheri ne, amma magani ne bayan cuta ta ci jiki. A tura ƙwararrun malamai aji ɗaya zuwa uku, a biya su a kan kari, a ba kowane yaro littafin karatu da abincin safe, a kuma riƙa auna ko ya iya karatu kafin ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da muka bari a baya yau ba ɓacewa zai yi ba. Gobe a unguwa ɗaya zai zauna da 'ya'yanmu.