SARKIN ƘOFAR DA KE CIKIN JIKINKA, DA GUBAR DA KE KASHE SHI

Yau maganar ciwon daji za mu yi, wato sankara. Don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe.

Duk ɗan cikin birni ya san a zamanin da, kowace ƙofa ta ganuwar Kano tana da Sarkin Ƙofa, tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Na'isa. Shi ne mai lura da shige da fice. To a cikin ƙwayoyin halittar jikinka ma akwai irin wannan mai gadi, wani furotin ne da masana ke kira p53. Idan rubutun gado da ke cikin ƙwaya ya samu matsala, shi zai tsayar da ita, ya hana ta rabuwa sai an gyara. In ba ta gyaruwa, ya sa ta mutu don kar ta haifi lalatattu irinta. Ranar da mai gadin nan ya lalace, ƙwayar sai ta yi ta hayayyafa ba birki. Kusan rabin sankarar da ke kama ɗan Adam, in an bincika, sai a tarar p53 ɗinta ya lalace.

A 1979 aka gano shi, David Lane a Landan da Arnold Levine a Amurka suna cikin waɗanda suka gano. Da farko an zaci shi ke haddasa cutar, sai a 1989 aka tabbatar hana ta yake yi.

To ya ake nazarinsa alhali ɗan kaɗan ne a jiki? Ga dabarar: sai a ɗauko rubutun gadon da ke ƙera shi a mutum, a dasa a cikin bakteriya, a kiwata ta a ɗakin gwaje-gwaje, ita kuma ta yi ta ƙera shi da yawa, a tace. Haka ake yin insulin na masu ciwon suga tun 1982. Da wannan ne masana ke ganin inda p53 ke karyewa, suna gwada magungunan da za su miƙar da shi.

Amma a kula! Wannan furotin kayan bincike ne, ba maganin sha ba ne. Ko ka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Duk wanda ya zo maka da kwalba ko ƙulli ya ce yana ɗauke da shi, kuɗinka yake so.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, fumfuna na kama su, tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo wajen dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960, saboda abincin gyaɗa da suka ci. A 1991 kuma masu bincike suka ga cewa a sankarar hanta, gubar nan tana lalata rubutun p53 a wuri guda takamaimai, wuri na 249. Daga baya an samu wannan tabo a jinin masu cutar a Gambiya, inda ake cin gyaɗa kamar mu. Idan kuma mutum yana da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkawa yake yi sosai.

Mu da aka san mu da dalar gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga tunkuza, ga kunun gyaɗa, ga tuwon masara, ai dole mu farka.

ABIN DA ZA KA YI:

1. Uwargida, tsince gyaɗarki kafin niƙa. Wadda ta motse, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar. Suya da dafuwa ba sa kashe gubar, kuma kar a ba kaji ko awaki.

2. A busar da hatsi sosai a kan tabarma ko leda, a ɗora buhu a kan katako, musamman da damina.

3. In ka je cefane, kar arha ta ja ka ga ragowar gyaɗa mai fumfuna. Arha ba ta ado.

4. Ka je a yi maka gwajin ciwon hanta nau'in B, ko a asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata ko a na Malam Aminu Kano. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba.

5. Jariri a yi masa rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Allurar ma da irin waccan dabara ake ƙera ta, a cikin yis, kuma tana cikin rigakafin yara a Najeriya tun 2004.

6. Shawara da ta ƙi tafiya, kumburin ciki, rama ba dalili, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kar a zauna ana jiƙe-jiƙe. A ga likita da wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da zuri'armu. Ka tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'ar gyaɗa.