Hoton IRM: Abin da ya kamata ku sani kafin ku kama hanyar Yamai

Jama'a, masu sauraronmu na Gaya da kewaye sun sha tambayarmu game da hoton IRM, wanda a Najeriya ake cewa MRI. Wanda likita ya rubuta wa shi sai ya yi tafiyar wajen kilomita 300 zuwa Yamai, wani kuma ya bi ta Kamba zuwa Sakkwato. To, kafin a kashe kuɗin mota, ga amsoshi.

Shin yana ƙona jiki?

A'a. Ba irin hoton ƙashi da muka saba ba ne. Ƙaton maganaɗisu ne yake aiki, yana nuna ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi dalla-dalla. Babu zafi, sai dai ƙara mai yawa, shi ya sa ake toshe wa mutum kunne. Za ka kwanta ba motsi, sau da yawa minti 20 zuwa awa guda.

To, ina haɗarin yake?

A ƙarfe yake. Maganaɗisun na'ura mai tesla 1.5 ya ninka na ƙasa kusan sau 30,000, kuma ba ya mutuwa ko da ba a aiki. Makulli ko almakashi na iya tashi kamar kibiya. Don haka a cire zobe, ƴan kunne, fil ɗin kallabi, salula da laya, tunda ba kowa ya san abin da aka ɗinke cikinta ba. Mata su wanke kwalli.

Ƙarfen da ke cikin jiki fa?

Nan ne magana take. Mai batirin zuciya, wanda aka sa wa ƙarfe a aikin tiyata, mai harsashi a jiki, da mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, su faɗa wa likita tun a nan gida. Haka mai juna biyu da mai ciwon ƙoda, saboda allurar da ake yi wa wasu don hoton ya fito sosai.

Wa ke sarrafa na'urar?

Ma'aikacin da ya karanci ɗaukar hoton asibiti. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, karatun shekara 5 ne. Shi ke ɗaukar hoton, likita ya fassara.

Idan ya tsare ka da tambayoyi, kada ka ɓoye komai don tsoron a maido ka gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.