Sikila, Juyin Halitta da Limamin Kambirij



A coci-coci da dama na Abuja, babban birnin tarayya, ba a ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo takardar gwajin jini: AA ne, AS ne, ko SS? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana iya zuwa da SS, sau ɗaya cikin huɗu.

To, me ya sa ƙwayar ta yi yawa a nan, ta yi ƙaranci a Ingila? A 1954, Anthony Allison, likitan da ya tashi a Kenya, ya nuna cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi katutu, yaran AS sun fi kaiwa girma har su haihu, sai ƙwayar ta yaɗu daga zuriya zuwa zuriya. Wannan shi ne irin zaɓen da Charles Darwin ya bayyana a 1859. Ashe faston da ke neman takardar nan, shaidar juyin halitta yake riƙe da ita a hannu.

Shin wannan ya rushe imaninsa? John Polkinghorne ya ce a'a. Farfesan kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Kambirij. Ya ajiye kujerarsa a 1979, ya zama limamin ɗarikar Angilika a 1982, ya rasu a 2021. A ganinsa, kimiyya tana faɗa mana yadda abu ya faru, tauhidi kuma yana neman dalili da manufa. Littafin Farawa na Littafi Mai Tsarki, in ji shi, ba a rubuta shi don koyar da ilimin halittu ba, sai don shaida cewa komai daga Allah yake.

Inda na fi tsayawa a tunaninsa shi ne batun wahala. Ya ce Allah bai ƙera duniya a gama, ya rufe ba. Ya ba halitta ikon hayayyafa da sauyawa. Kuma sauyin ƙwayoyin halitta da ke haifar da sabbin nau'o'in rayuwa, shi ne dai ke haifar da ciwon daji. Ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ku duba sikila: ƙwaya ɗaya garkuwa ce, biyu kuma ciwo mai ratsa ƙashi.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Kiristoci da yawa a ƙasar nan sun tsaya a kan kwana shida na halitta kamar yadda yake a rubuce, kuma batun asalin ɗan Adam yana da nauyi ga Musulmi da Kirista baki ɗaya. Ni dai ina girmama shi saboda bai rufe ido daga hujja ba, bai kuma raina kukan uwar da ke kwana a asibiti da ɗanta ba.

Domin rage irin wannan kukan, a Jami'ar Abuja akwai cibiyar bincike kan sikila, wadda ma'aikatanta suka gwada jinin jarirai a wuraren rigakafi na Gwagwalada. Iyaye, ku kai yaranku gwaji tun suna goye. Gano cutar da wuri yana ceton rai.